Makullin da Baba ya ƙi karɓa

Shekarun baya, tun ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, na kwantiragi, aka tura ni Birnin Konni. Ni ɗan Tajaye ne, ban san kowa a garin ba, kayana kuma ba su wuce katifa ɗaya da jakar tufafi da kwalin littattafai ba. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga tasha shi ya nemo mini ɗaki a gidan wani dattijo, can bayan kasuwa. Ɗakin yana jikin zaure, ƙofarsa daban, ba sai na ratsa cikin gida ba. Na ɗansa ne da ya tafi Libiya neman kuɗi. Matar dattijon ta jima da rasuwa, surukarsa ce kawai da 'ya'yanta a ciki.

Muka yi ciniki a kan jika goma, wato sefa dubu goma, duk wata, ya ce kuma in ajiye na wata biyu a hannunsa, abin da muke kira kosiyon, wanda za a mayar mini ranar da zan tashi. Na yagi takarda daga kayena, littafin da nake rubuta darasi, na naɗe jika ashirin a ciki na miƙa masa. Ya ciro makulli daga aljihu, ya kama hannuna ya sa mini shi a tafi. Da la'asar ta yi ya ja ni masallacin unguwa, bayan sallama ya miƙe ya ce wa jama'a ga baƙonsa, malamin yara ne, a gidansa ya sauka. Aka yi mini addu'a, aka shafa. Ni dai a gajiye nake, babu abin da nake so irin a sake ni in je in shimfiɗa katifa.

Daga ranar nake kiransa Baba, shi kuma yana kirana Mushe, kamar yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu.

Kullum bayan magariba Baba yana kan tabarmarsa a ƙofar gida, surukarsa ta aiko masa da tuwo a wani babban kwano mai murfi. In na zo wucewa sai ya ɗaga murfin ya ce, "Mushe, bisimilla." Ni kuma in ce, "Alhamdu lillahi Baba, na ƙoshi." Ranar farko kunya ce ta baƙunta. Rana ta biyu na ga ai jiya na ce na ƙoshi, in na zauna yau za a ce yunwa ta koro ni. Kafin wata ya ƙare abin ya zama kamar gaisuwa, shi ya faɗi tasa, in faɗi tawa, in shige.

Ƙoshin kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Rufe ƙofa nake in hura gawayi a cikin ɗaki, don kada matan unguwa su ga Mushe guda yana fifita wuta. In ɗora shinkafa da wake, rabi ta ƙone, rabi ta ƙi nuna, in ci ina kallon bango. Bangon ma bai tsira ba, hayaƙi ya mayar da kusurwar nan baƙa ƙirin. Wata rana Baba ya ce mini, a hankali, ai gidan nan akwai tukunya, ba sai na wahalar da kaina ba. Na ɗauka habaici yake yi mini kan bangonsa, na ƙara ɗaure fuska.

Gaskiya na yi kaɗaici a ɗakin nan, ba kaɗan ba. Ranakun da babu lakwal sai in wuni ban yi magana da kowa ba, in ba rediyo ba. Ina jin muryoyin mutane a ƙofar gida suna hira, taku biyar ne tsakanina da su, amma na kasa fita. A raina ina cewa ni ɗan boko ne, hirarsu ta gero da farashin naira ba tawa ba ce. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Tajaye, kwana uku ina kuka ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Haka na yi shekara biyu, ban taɓa makara da kuɗin haya ba, kuma da wannan nake alfahari.

Sai aka canza mini wurin aiki zuwa Malbaza. Takardar ta zo ana saura mako biyu a dawo daga hutu. Na samu mai mota da zai wuce can da safe, ya ce in ina so yanzu ne. Na shiga neman Baba, jikarsa ta ce ya tafi Alela jana'iza, sai jibi. Ban ga wani abin jira ba. Ba ya bina ko dala, kayana nawa ne. Na loda katifa, na danna kwaɗo a ƙofa, na tafi.

A Malbaza na samu ɗaki, amma mai shi ya ce ba zai buɗe ba sai ya ga kosiyon. Albashinmu na 'yan kwantiragi kuwa ya makale kamar yadda ya saba. Daraktan lakwal ya tausaya mini ya ba ni ɗakin ajiya, inda ake tara karyayyun bencina, ya ce in zauna kafin yara su dawo, ranar da suka dawo kuma sai in san inda na nufa. Duk abin da na mallaka a duniya a lokacin shi ne jika ashirin ɗin nan da ke hannun Baba.

Na kira ɗan kabu-kabun nan, na aika masa makulli ta hannun wani direba, na ce ya kai wa Baba ya karɓo mini kuɗina. Washegari ya kira ni yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce tsoho ya ƙi taɓa makullin, ya ce shi bai san Mushe ya tashi ba, ɗakinsa na nan yadda ya bar shi. Kuɗi kuma babu maganarsu.

Raina ya ɓaci sosai. Na zauna kan karyayyen benci ina lissafi: wato so yake wata ya shiga ya ce ina cikin haya, ya cinye kuɗin da sunan ɗaki na hannuna. Na tuna maganar tukunya, na ce to ga inda aka nufa, bangon ne zai fake da shi. Na ranci kuɗin mota wajen darakta na koma Konni, na karɓi makullin a tasha, na nufi gidan ina shirya maganganu a hanya.

Na same shi kan tabarma da hantsi. Na yi sallama a tsaye, ya amsa, ya matsa gefe ya nuna mini wuri. Ban zauna ba. Na ajiye makullin a bakin tabarma na ce ga abinsa, ya ba ni nawa. Ya kalli makullin, ya kalle ni, ya ce, "Ɗauki abinka, Mushe. Ba ƙasa niɗ ɗauko shi nib ba ka ba." Na ce ban zo wasa ba, ina da takardar canjin aiki, na san doka, in bai ba ni ba jandarma za su karɓar mini. Har da Faransanci na haɗa, don ya san da wa yake magana. Carbinsa kawai ya ci gaba da ja. Na sunkuya na ɗauki makullin, don ko fushi nake ban yarda in bar shi a ƙasa ya ɓace a ce ni na yar ba.

Abokina, wani malami da muka yi aiki tare, shi ya hana ni zuwa jandarma. Ya ce in na kai tsoho can, ko na samu kuɗin na rasa unguwa, in fara da mai unguwa tukuna. Na ce wace unguwa gare ni da zan rasa? Ya ce in dai je.

Bayan azahar muka haɗu a zauren mai unguwa, da dattawa uku a gefe. Na zayyana nawa tiryan-tiryan: shekara biyu, ban taɓa makara ba, ga inda nake kwana yanzu, ga ranar da za a fitar da ni. Mai unguwa ya juya ga Baba ya tambaye shi ko ya ci kuɗin yaro.

Baba ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wata takarda da ta yi laushi, ya ajiye a gaban mai unguwa. Na gane ta nan take. Shafin kayena ne, har da rubutuna na darasin lissafi a bayansa. Ko warware ta bai taɓa yi ba.

"Ranka shi daɗe, ga kuɗɗinai," in ji shi. "Ran da yaz zo, ni nik kai shi masallaci, nic ce ma jama'a ga baƙona. Sunka yi mai addu'a. Na tahi jana'iza kwana biyu, na dawo na iske kwaɗo ga ƙohwa. Liman na tambaya ta ina Mushe, mai shago na tambaya ta mi niy yi mai. Wasu na cewa korar shi niy yi saboda bango. Ni kau ban da amsa. Sannan a aiko man makulli bisa babur? Gaban mutane niy amshe shi, gaban mutane nika son in sallame shi."

Ni da na zo da doka a baki na rasa inda zan sa idona. Wallahi tunda nake ban taɓa tunanin wani zai lura na tafi ba, balle a tambayi wani ina nake.

Mai unguwa bai tsawaita ba. Ya ce in la'asar ta yi in bi ubana masallaci in yi bankwana da mutane, a yafi juna, sannan in sa masa makulli a hannu, shi kuma ya sa mini kuɗina a nawa.

Haka aka yi. Bayan sallama Baba ya miƙe ya ce baƙonsa zai tashi, aiki ya kai shi Malbaza, lafiya suka zauna, lafiya za su rabu. Na miƙe na ce duk wanda na yi wa laifi ya yafe mini. Mutane suka taso suna ba ni hannu. Mai shago ya tambaye ni jikin mahaifiyata, ya ce ai lokacin da ta kwanta Baba ya sa an yi mata addu'a a nan, don ya ji ni ta bango. Wani tela ya ce 'yarsa a ajina take, ta iya karatu yanzu. Shekara biyu ina sahu ɗaya da su, sun san ni sarai, ni ko sunan mutum uku ban riƙe ba.

A ƙofar gida na sa masa makullin a tafi. Muka buɗe ɗakin, ya tsaya gaban kusurwar nan baƙa ya girgiza kai, ya warware takardar ya zare jika biyu, ya ce wannan na farar ƙasa ne, kuma ko gaban alƙali zai maimaita. Ban yi musu ba. Ya ninke sauran ya ba ni.

Na so in kama hanya, ya ce motar Malbaza ba ta ƙarewa. Muka yi magariba, aka kawo kwanon nan mai murfi. Ya buɗe ya ce, "Mushe, bisimilla." Na cire takalmi na zauna. Sai a ranar na ga cikin kwanon da kyau: malmala biyu ce, tuwon gero da miyar kuka. Jikarsa da ta kawo ruwa ta ce ai kullum biyu ake sakawa, tun zuwana, in ya ci ɗaya a mayar da ɗaya. Baba ya ce mata ta shige ciki, ta cika surutu. Muka ci tare. Shi ne na farko, shi ne kuma na ƙarshe.

Na biya kosiyon a Malbaza ana saura kwana biyu yara su dawo, darakta ya cika mini jika biyun. Na ce wa Baba zan riƙa leƙo shi, tunda tafiyar ba ta kai awa guda ba. Ban je ba. Kullum sai in ce hutu mai zuwa. Ɗan kabu-kabun nan ne ya gaya mini rasuwarsa, da muka haɗu a tasha, bayan an yi wata huɗu da binne shi. Ɗansa ma bai dawo ba sai bayan arba'in. Har yau ina tuna shi, don na san zaman kaɗaici mu biyu muka yi shi a gidan nan, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma shi kaɗai ne ya yi ta ƙoƙarin a raba.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne. Na daina ɗaukar cewa in na biya abin da ake bina na gama da mutum. Kuma duk inda zan tashi, ko kwana uku na yi, sai na bi mutane ɗaya-ɗaya na yi sallama.

Yanzu ina Illela, na yi ɗan gidana, iyalina suna Tajaye wajen mahaifiyata sai ƙarshen wata nake ganinsu. Akwai ɗaki ɗaya jikin zaure da na ba wani saurayi haya, ma'aikacin asibiti ne, baƙo a garin. Kosiyon ɗinsa na cikin akwatina yadda ya naɗo shi. Da magariba nakan shimfiɗa tabarma a ƙofa, maƙwabciyata ta aiko da tuwon da nake biyanta ta yi mini. In ya zo wucewa na ce masa bisimilla, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, ya shige ya rufe ƙofa. Can anjima sai in ji ƙaurin shinkafa.

Watansa bakwai ke nan. Na gaya wa maƙwabciyata ta ci gaba da saka malmala biyu.