Leshin Inna a Motar Kawu

Jama'a a gyara zama, ga Kawu Mai Walda, sarkin tsatsa, angon motar da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba!

Ƙanin mahaifiyata ne. Tun yana saurayi yake ƙona ƙarfe a bakin titi, har hasken walda ya ci masa ido. Da ya ajiye aiki, maimakon ya miƙe ƙafa kamar sauran dattawa, sai ya jajibo wata tsohuwar motar tsere mai kujera biyu, marar rufi, wadda wani ya kwance ya kasa mayarwa. Rabinta a kan bulo ta zauna cikin gareji, rabi kuma a buhu ta zo.

Jiki ya gyaru, inji ya hau, saura wayoyin lantarki. Irinsu an daina yi, kuma ka kuskure guda, duka su ƙone. Da launi ake gane kowace, shi kuwa Kawu ja da ruwan ƙasa sun zame masa ɗaya. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Duk burinsa ya ga fitilun motar a kunne tun idon yana gani.

Na ce ya kira mai wayarin. Ya ce in fita.

Matarsa Inna, da yake tela ce, ita ta samo dabara. Kowace waya ta ɗaura mata ƙyalle a baki biyu: leshi na fitila, karan-miski na hon, haka dai. Da shafawa yake gane su.

Ranar haɗa batir, Kawu ya riƙe kan waya. Inna na bakin ƙofa tana murza gefen zani.

"Malam," ta ce a hankali, "karan-miskin nan fa bai isa ba. Akwai waya biyu da na ɗaura wa leshi iri ɗaya."

"Waɗanne?"

"Da na tuna ai da na faɗa."

Ya ajiye wayar. Sannan ya ce min ba tare da ya juyo ba, "Kai, marar aikin yi, shiga ƙarƙashin sitiyari. Wayar fitila dai ja ce. Ta hagu mai leshin, ja ce?"

Na kwanta na haska tocila. Wayoyin duk sun koɗe, gumi na shiga min ido.

"Kawu, ja ce, amma mai kunya."

"Ja ce ko ba ja ba?"

Na kankare dattin da farce. "Ja ce."

Ya taɓa batir. Mu uku muka baza hanci muna jiran ƙauri. Shiru. Ya ja makunni, sai haske ya bugi bango.

Na tsallako gaban mota na ɗaga hannu. "Ga gwanin da ya tashi matacciya da tsumman tela, wanda duniya za ta..."

"Fitila ɗaya ce ta kama," in ji Kawu. "Matsa, ka tare min."