Malam Audu da Sikelin Rataye

Akwai wata Talata da har yau ba ta fita daga raina ba, a shekarar da aka canza mana fam zuwa naira. Lokacin garin nan Abuja ake ce masa, ba a mai da shi Suleja ba tukuna. Ina aiki a asibitin mata da yara a matsayin mai taimakon nas. Ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, don haka aikina shara ne, da wanke kayan aiki, da riƙe yara ranar awo. Shugabarmu Sista Rifkatu ce, mace mai tsananin bin doka, amma ba ta da mugunta.

Ku da kuka shigo aiki daga baya, bari in faɗa muku yadda awo yake a da. Sikeli ne mai ƙugiya, rataye a jikin azara. Sai a sa wa yaro ɗan wando mai igiya, a saƙala shi, yana lilo yana kuka, Sista ta duba nauyinsa. Wanda aka ga ya yi ƙasa, shi ake ba garin madara. Doka ce daga sama: ba awo, ba madara.

Da damina ta faɗi sai matan ƙauye suka ɗauke ƙafa. A kasuwa na ji dalili. Wai wani Malam Audu, tsohon soja da ya koma noma a Chaza bayan yaƙi, shi ke cewa akwai wasu ɓoyayyun mutane da ke juya duniya, kuma don su ake auna yaranmu.

Ranar Talatar nan sai ga matarsa Hajara da ɗansu Isiyaku, wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura. Ni uwa ce, na san yaron da ba zai kai kaka ba in ba a taimaka masa ba. Na miƙa hannu zan sa masa wandon awo, ta rungume shi.

"Yaya, madarar kawai na zo karɓa. Babansa ya hana a rataye shi."

Sista ta ce doka ba ta yarda ba. Muna cikin haka sai ga Malam Audu da kansa a kan keke, ya biyo sawu. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe mu, na shimfiɗa masa tabarma a baranda, na kawo ruwa.

"Sista," in ji shi, "mutum nawa kike zaton ke riƙe da duniyar nan? Ba su cika tabarmar nan ba. Su suka ce mota ta bar hagu ta koma dama, kowa ya bi. Suka ce kuɗin aljihunka ya mutu, ya mutu. Yaƙin da muka yi ma su suka kunna shi, suna zaune suna shan shayi."

Sista ta ce, "To Malam, su wane ne? Faɗa mini sunan ko ɗaya."

"In da suna da sunan da ni Audu zan sani, ai da ba su ba ne."

Sista ta yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Ta yi ta yi masa bayani, yana ta cewa haka ne, haka ne, bai gusa ba. Ni dai na zauna a gefe, sai na tambaye shi a hankali, me ya sa awon ne ya fi tsaya masa a rai.

Ya daɗe yana kallon ƙugiyar. Ya ce irinta ake rataye buhun gyaɗarsa a wurin masu saye, kuma abin da za a saya ake aunawa. Sannan ya ce, "Ranar da aka ɗauke mu soja, da awo aka fara mana, ni da ƙanena. Aka ce mun cika nauyi. Ni kaɗai na dawo."

Sista ta tashi ta shiga ciki. Na ɗauka ta yi fushi ne, ashe sikelin ƙasa ta ɗauko, wanda muke auna masu ciki da shi. Ta ajiye a gaban Hajara.

"Malam, matarka zan auna. Ko ita ma za a ɗauke ta soja?"

Ya ce a'a, mata ba sa zuwa.

Hajara ta hau da goyonta a baya. Sannan ta kunce yaron ta miƙo mini, ta sake hawa ita kaɗai. Sista ta cire wannan daga wancan, nauyin Isiyaku ya fito. Mutumin da ke kai gyaɗa sikeli duk shekara ba zai kasa gane abin da aka yi ba. Amma sai ya tashi ya je ya tsuguna gaban kekensa, ya ba mu baya, yana gyaran sarƙar da ba abin da ya same ta. Bai juyo ba sai da Hajara ta ɗaure madarar a gefen zane.

Isiyaku ya warke ya girma, yau ma yana da nasa iyalin. Daga ranar muka koma auna yaran ƙauye a bayan iyayensu mata, sannu a hankali matan suka dawo. Shi kuwa Malam Audu har Allah ya karɓi ransa bai daina zancen mutanen nan nasa ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin ko ɗayansu.

Shi ya sa nake ce muku, in mutum ya zo muku da irin wannan labari, kada ku ɓata yininku wajen musu, ba za ku ci ba. Ku ba shi wurin zama, ku tambaye shi abin da ya rasa. Aikinmu yaron ne, shi kuwa ba ya iya jira sai manya sun gama gardama.