Tsumman da Malam Idi Ya Cusa wa Mota

A unguwar Karantina ta Jidda muka tashi, a ɗakin kwano da katako. Bayan magariba Kaka Hajja takan hura gawayi a ƙofar gida ta soya gyaɗar da za ta kai kasuwa gobe, mu kuwa jikoki mu kewaye murhun, kowa na jiran wadda za ta yi tsalle ta faɗo ƙasa. Tatsuniyoyin Gizo ma tana yi, amma wanda muke kuka a kansa shi ne labarin motar Arfa.

"Kai, ku ba ku gajiya? To ga ta nan, baƙa wuluk, mai tsiyayar mai!"

"Ta zo mu ji ta, Hajja, yalla!"

Ita da mijinta Malam Idi, kakanmu, sun yi shekaru a hanya daga Katsina, suna tafiya suna tsayawa noma a Sudan. Da jirgin ruwa ya sauke su Jidda sai aka tsare su don duba lafiya, ba a sake su ba sai safiyar Arfa. Wanda bai tsaya a Arfa ba kuwa ba shi da hajji. Suka faɗa wata tsohuwar akori-kura ta wani Bahaushen Sudan, Sawwag Bello, wato Bello direba.

Motar tana da wani bututu a ƙarƙashin inji da ke fitar da hayaƙi kaɗan-kaɗan, yana biyo tsakanin katakon da suke zaune. Da aka tsaya shan ruwa a Bahra, Malam Idi ya leƙa ya ga bututun na ɗiga.

"Kakanku, Allah Ya ji ƙansa, bai iya ganin rami ya wuce," in ji Hajja. "Ya ce motar bawan Allah ta huje, ga hayaƙi na ɓata wa mutane harami. Ya yagi gammona, ya samu kara ya cusa, ya danna, ya dawo yana ƙasaita, bai gaya wa kowa ba. Wai lada yake nema!"

Ba su yi nisa ba sai ƙauri ya tashi. Bello ya tsaya ya duba, mai na zuba ta gaban inji, yana zuba ta baya. Ya ƙara mai, suka tafi, ya sake tsiyayewa. Rana ta karkata, gwangwanin mai ɗaya ya rage. Ya dafe kai ya ce, "Halas, ya jama'a, sufa ta mutu." Sufa ita ce zoben da ke tare mai kada ya fita, shi kuma ba shi da wata. Mata suka fashe da kuka. Hajja ta ce ita zama ta yi a ƙasa daɓas.

A nan takan ajiye ludayin gyaɗa, mu kuwa mu matso har gwiwa na taɓa murhu.

Bello ya ƙura wa injin ido, can ya ce, "Tsaya! Sufar gaba da ta baya su mutu rana ɗaya? Wallahi a'a." Ya ga sandar awon mai ma ta ɗago daga raminta ita kaɗai. Ya tada motar, ya buɗe murfin zuba mai, sai fuuu! Iska da hayaƙi suka bugo masa fuska. Hajja takan cika kumatu ta yi mana wannan fuuu ɗin, mu zube ƙasa don dariya.

"Ba mutuwa ta yi ba, numfashi aka toshe mata!" Bello ya ce a tsohon inji iskar wuta na zirarewa ta sauka inda mai yake, in ba ta sami ƙofa ba sai ta turo man ta ko'ina. Ya kutsa ƙarƙashin mota, ya fito riƙe da baƙin tsumma.

"Wane ne ya yi mini wannan aika-aika?"

Hajja ta ce, "Na ga zanen gammona, na dubi Malam. Shi kuwa ya ɗaga kai sama, Labbaika, Labbaika, kamar ba ya wurin!"

Aka juye gwangwanin ƙarshe. Zubar ta koma ɗigo, mota ta ja, mutane na kabbara suna dukan katako. Sun shiga Arfa rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba.

"Shi ke nan, ta ƙare a kan ƙeyar mai barci. Ku tashi ga gyaɗa!"

Yanzu in makaniki ya ce a sauya mini sufa, sai na ce a fara duba numfashin injin. Na daɗe ina tsammani iyakar darasin ke nan. Bayan rasuwar Hajja ne gwaggona ta gaya mini cewa su uku suka baro Katsina. 'Yarsu ta fari, Hauwa, tana binne a wani ƙauye a Sudan. Hajja ta yi alkawari a bakin kabarin za ta kira sunanta a Arfa, abin da ya zaunar da ita a ƙasa ranar ke nan. Shekara da shekaru tana ba mu dariya da labarin, ko sau ɗaya ba ta faɗa mana sunan ba. Da na haifi 'ya, shi na raɗa mata.