Gorar Tumba

Basharu ya ɗauki labarin da na ba shi ya yi fim, bai sa sunana ba, bai sa na kakata ba. Na faɗa tun farko don ba na son kwana-kwana. Tare muka tashi a Argungu, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Yau shi ake kira darakta a Kano, ni kuwa ina ɗan shago a Nasarawa cikin Birnin Kebbi, ina tura wa mutane finafinai a waya.

Labarin na Tumba ne, mahaifiyar babana. Bandar kifi ce sana'arta. Da an sallame magariba sai ta hura wuta ƙarƙashin raga, ta jera tarwaɗa da ƙarfasa, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai tashi. In na kai hannu ga wutsiyar da ta ƙone sai ta make ni da mafici.

"Wanga miji nawa! Ba cefane, sai ci."

Tana da wata ɗabi'a da ke ƙosar da mu. Ba ta fara tatsuniya sai ta faɗi inda ta samo ta. "Wagga ga bakin innata nij ji ta, ita ko ga wani makaho na Zauro." Mu ce, "Tumba, ki shiga labari mana!" Ta ce, "Ku yi haƙuri. Wanda yac ci kihi, shi san gulbin da anka kamo shi."

Wadda na fi so ita ce ta masunci da gora, wadda ta ce daga makahon Zauron nan ta fito. Wani matalaucin masunci ne, yana da homar kamun kifi amma ba shi da gorar da ake kwanciya a kai a shiga ruwa mai zurfi. Wata tsohuwa ta ara masa tata. Ba ta nemi ko ƙaya ba, sharaɗinta ɗaya: duk ranar da ya fito da kamu, ya faɗa a bakin gulbi cewa da gorar wance ya kamo. Yana faɗa, kamu na ƙaruwa. Ran da ya fito da giwan ruwa wanda sai da mutum huɗu suka ɗaga, gari ya taru ana yi masa kirari, aka tambaye shi sirrin. Ya dubi taro, ya ji kunyar ambaton tsohuwa, ya ce ƙarfin damtsensa ne. Washegari yana tsakiyar gulbi gora ta fara shan ruwa. Nan Tumba kan tsaya ta juya kifi, sai mun roƙe ta. "To mi kuka jira? Ta nutse da shi. Ku tashi ku wanke hannu."

Aji biyu na yi a sakandare na bari. Gidan kallo ya zama makarantata, ba abin da nake so duniya irin in ga sunana a fim. Da Basharu ya sayar da gonar shinkafar gadonsa ya sayi kyamara, sai na manne masa. Wata la'asar a bakin gulbi na ba shi labarin gorar daga farko har ƙarshe. Da na gama ya ce, "Manu, ina kas samo wanga?"

Na ce, "Daga kaina."

Haka na ce. So nake ya ɗauke ni marubuci, ba jikan mai bandar kifi ba. A lokacin Tumba na da rai, idonta ya fara mutuwa, tana gida tana jiran in kai mata goro.

Ni na aro kwalekwale da homa muka ɗauki gwajin fim ɗin. Ya tafi Kano da shi, ya ce zai kira ni. Daminar nan Tumba ta rasu. Bayan shekara biyu fim ya fito. Na zauna na karanta sunayen ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, har mai kawo shayi an sa. Kuma ya canza ƙarshen: masunci bai nutse ba, gidan sama ya gina. Fim ɗin nan ba ranar da ba a zuwa shagona a ce in tura shi.

Shekaru na yi ina zaginsa a zuci. Sai da furfura ta fito mini na lura cewa a tatsuniyar nan ba a ce wani ya sace gora ba. Wanda aka ara wa ne ya yi shiru.

Bara Basharu ya zo wata ta'aziyya unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi. Na bari aka shafa fatiha, na tare shi a jikin motarsa.

"A'a, Manu! Kana nan ashe?"

Na ce ina nan, inda ya bar ni. Na faɗa masa abin da ya yi. Bai ko ji kunya ba.

"Haba Manu. Ina bayan katanga nike jin tsohuwa tana ba ku shi. Na tambaye ka don in ji mi za ka ce, kac ce daga kanka. To wa yaf fara?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Mutane na kallonmu. Na ce:

"Ni nif fara, Basharu, kuma ba ta nan balle in roƙe ta gahwara. Sunana ka bar shi, ban cancanta ba. Amma ita sunanta Tumba, ga innarta taj ji shi, ita ko ga makahon Zauro. Ka je ka rubuta. In ba ka rubuta ba, ni dai duk wanda yaz zo shagona neman fim ɗinka, sai ya ji sunanta kahin in miƙa mishi wayarshi."