Abincin Soja a Randar Toka

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Laraba, mu huɗu ne a ɗakin. Yayana yana kwance a kan katifa, uwargidansa tana tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu a hannu, limamin unguwarsu yana zaune a kan buzu domin ya shigo dubiya, sai ni. Na riƙe lokacin ne saboda na duba agogona sa'ad da yayana ya buɗe baki, kuma tun isowata bai haɗa kalma biyar a jere ba.

Ya ce, "Ku fasa mini randar nan ta bayan rumbu."

Bari in fara da yadda aka kai ga nan. Yayana tsohon soja ne. Ya bar aiki yana kofur, kuma har yau da Kofur ake kiransa a ƙauyenmu da ke wajen Fagam, a ƙasar Gwaram. Ya girme ni da shekara tara. Ni a Birnin Kudu nake zaune, inda na yi shekara talatin ina riƙe da makullin sito a wata makarantar kwana. A ƙarshen damina ya kwanta ciwo, aka kawo shi asibiti a Birnin Kudu, ya yi mako biyu aka sallame shi. Ciwon ya tafi, amma cin abinci bai dawo ba. Likita ya gaya mana a fili cewa a mayar da shi gida a ba shi kwana goma. Idan bai fara ci ba, a dawo da shi a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa. Yayana ya ga yadda ake yi wa mutumin gadon kusa da shi, ya ce shi dai kada a yi masa wannan. A ranar da nake magana kwana takwas sun wuce, kuma abin da ke shiga cikinsa bai fi kurɓi uku ko huɗu na kunu a wuni ba. An gwada farfesun kaza, an gwada fura, an gwada fate mai yakuwa. Da ya kalli kwano sai ya juya wa bango fuska.

Ita kuwa randar, kowa a gidan ya san da ita. Shekara ashirin da bakwai kafin wannan rana, yayana ya dawo daga aikinsa na ƙarshe a ƙasar waje da ragowar abincin da ake raba wa sojoji a daji. Bai bar kowa ya ɗanɗana ba. Ya yi masa abin da innarmu take yi wa irin wake: ya tankaɗe busasshiyar toka, ya zuba a gindin randa, ya jera gwangwanaye, ya rufe da toka, ya sake jerawa, har randar ta cika. Ya kife kasko a baki, ya yaɓe da laka, ya ajiye ta a inuwar rumbu inda ruwa ba ya kwanciya. In an tambaye shi sai ya ce, "Akwai ranarta." An yi shekarun da hatsi ya yi wuya, bai fasa ta ba.

Uwargidan ta ajiye kofin kunu ta ce, "Randar da ta girmi autarmu? Maigida, ciwo ya bar ka, kai kuma kake neman gwangwani ya ƙarasa?" Ta juyo kaina. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, kuma tsufa bai rage shi ba. "Kai kuma sarkin sito, ka yi tsit kamar kallo aka aiko ka. Ba kai ne mai ƙin buhun shinkafa don ka ga ƙwaro ɗaya ba?"

Gaskiya ta faɗa. Na sha mayar da kaya. Amma wannan ne abu na farko da mutumin nan ya nema da bakinsa a cikin kwana takwas, kuma saura kwana biyu. Na ce za a fasa, da sharaɗi guda: a bi tsarina daga farko har ƙarshe, kuma abin da na ce a'a, a'a ne.

Yayana ya ce wa liman, "Malam, ji shi. Wanda na goya zuwa gona."

Na farko, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake sosai, na ƙwanƙwashe lakar da bayan fartanya. Tokar ciki a bushe take ƙayau, kamar jiya aka kwashe ta daga murhu. Na riƙa zura hannu ina fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Gwangwani goma sha uku ne. Takardun jikinsu sun ruɓe sun zama gari, babu harafi ɗaya da ya rage.

Na biyu, na goge kowanne da tsumma, na danna samansa da gindinsa da babban yatsa, na bi ɗinkin bakinsa da ido. Guda biyu sun kumbura kamar cikin kwaɗo. Ɗaya tsatsa ta kama gefensa. Uwargidan ta ce a buɗe wa kaji, don kada a yi asarar abinci. Na ce ko kaza ba za ta ci ba. Na haƙa rami mai zurfin kamu biyu a bayan danga, na binne su ba tare da na huda ba, na ɗora dutse saboda awaki. Liman ya goya mini baya, ya ce abin da zai cutar ya fita daga layin abinci.

Na uku, na kai goman da suka rage ɗaki, domin mai su kaɗai ne zai iya faɗin abin da ke ciki. A nan na ga abin da ban gani ba tun kwanciyarsa. Ya ce a jingina shi da bango. Ya riƙa ɗaukar gwangwani yana girgizawa a kusa da kunne. "Biskit. Wannan ma biskit. Madara. Sukari da ganyen shayi. Alewa. Waɗannan uku masu faɗi kifi ne." Ya ɗauki biyun ƙarshe, masu kusurwa, ya auna su a tafin hannu, fuskarsa ta saki. "Nama."

Liman ya gyara zama. "Kofur, wa ya yanka?"

"Musulmi, Malam. Akwai rubutun Larabci a takardar, da idona na gani."

"Ina takardar?"

"Toka ta cinye."

"Kai ka gani, mu ba mu gani ba, kuma shekara ashirin da bakwai sun isa su gauraya wa mutum gwangwanaye. Ajiye su tukuna. Kifi dai babu ruwansa da wuƙa."

"Malam, naman nan nake mafarki!"

"Mafarkin halal ne, ci gaba da shi."

Yayana ya yi dariya har tari ya kama shi. Aka ture naman gefe.

Na huɗu, buɗewa. Zan faɗi abin da na tarar kamar yadda na tarar da shi. Madarar gari ta koma ruwan ƙwai, tana warin tsohon man shanu, na ce a'a. Alewa ta narke ta haɗe ta zama dunƙule ɗaya, amma babu wari. Sukari ya daskare kamar dutse, sai da taɓarya. Ganyen shayi ya rasa rabin ƙamshinsa. Biskit kuwa, da na ɓalle murfin, sai iska ta yi ɗan huci, ga su jere cikin takarda mai maiƙo, ko ɗaya bai karye ba, babu ƙwaro, babu fumfuna. Na sha ganin biskit ɗin wata shida a sito wanda bai kai su kyau ba. Kifin na fi jin tsoro. Man ya yi duhu, naman ya yi laushi, amma ƙamshin kifi ne sak, kuma cikin gwangwanin bai yi baƙi ba.

Na biyar, zakara. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in na murmushe biskit, na cakuɗa da kifi, na ba jan zakaran gidan. Ya tsince tas ya tsaya yana kallona.

Uwargidan ta ce, "In ya mutu, kai za ka hau danga ka riƙa tashe mu da asuba."

Muka yi jira. Liman ya tafi ya ba da sallar azahar, muka bi shi, muka dawo tare, domin ya ce yana son ganin ƙarshen shari'ar. Muka tarar da zakara yana korar kaji a bayan turmi.

Na shida, ni. Ƙarfe biyu da kwata na yi bisimilla na ci kifi biyu da biskit uku. Biskit ɗin yana da tauri ƙwarai, sai an jiƙa, kuma akwai ɗan ɗanɗanon ƙarfe a ƙarshen harshe. Kifin gishirinsa ya yi yawa, ƙashinsa ya narke. Ban ji daɗinsa can ba, ban kuma ji abin ƙi ba. Na zauna a inuwa ina sauraren cikina har aka yi la'asar. Shiru.

Na bakwai shi ne ba shi. A nan tsarina ya tsaya.

Uwargidan ta kawo kwanonsa. Tun dawowarsa daga asibiti ta ware masa ƙaramin kwano mai murfi, da cokali, da kofi, tana wanke su daban tana kife su daban. Na buɗe gwangwani na biyu, na zuba kifin, na jiƙa biskit da ruwan shayi, na ajiye a gabansa. Muka ja da baya mu uku, muka tsaya muna kallo. Ya dubi kwanon ya daɗe. Bai miƙa hannu ba. Na fara tunanin motar da za mu nema ranar Juma'a.

Ya ce, "Haka ake ci?"

Na ce, "Yaya, me ya rage? Na duba komai."

"Ka duba komai, amma ba ka san gwangwanin nan na mutum biyu ba ne. Ɗaya ya buɗe, ɗaya ya karya biskit, a aje a tsakiya. Wanda muke ci da shi mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa sai 'zo mu ci'. Yakan bar mini kifin ƙarshe ya ce ni ne babba. Wata bakwai ban taɓa buɗe ɗaya ni kaɗai ba." Ya ɗaga ido ya bi mu da kallo. "Ku kuma kun tsaya a kaina kamar masu ɗura wa akuya magani."

Sai a lokacin na tuna. Yayana tun da ya bar soja a zaure yake cin tuwo, da maƙwabta biyar ko shida, hannu a akushi ɗaya. Likita bai ce ciwonsa ana ɗauka ba. Mu ne muka ga ya dace a keɓe wa majinyaci nasa, a kai masa ɗaki, a rufe labule, a tsaya a ga ko ya ci. Ni da kaina na yaba wa uwargidan wannan tsaftar ranar da na iso.

Na cire hula na zauna a ƙasa kusa da katifar. Na ture kwano mai murfin gefe, na buɗe gwangwanin kifi na ƙarshe, na aje a tsakiyarmu. Na miƙa masa biskit, ya karya da gwiwa ya ba ni rabi. Man kifin farko yana nan a maƙogwarona, amma na tsoma na ci. Shi ma ya tsoma. Na ƙirga, domin ba na iya barin ƙirga: loma bakwai. Liman ya matso da buzunsa ya ce shi ma shaida ne, kuma shaida ba ya tsayawa daga nesa. Aka dafa shayi da guntun sukarin da aka fasa da taɓarya, muka riƙa miƙa wa juna kofi ɗaya.

Uwargidan tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Kaza guda na yanka maka ka ƙi kallo, sai kifin da ya mutu tun ina da haƙora."

Yayana ya ce, "Kazarki ita kaɗai ta shigo."

Washegari da hantsi muka kama shi ni da maƙwabcinsa muka fito da shi zaure, muka jingina shi da matashi. Da rana aka kawo tuwon dawa da miyar kuka a babban akushi, mutum biyar muka kewaye. Babu wanda ya ce masa ci. Ana hirar kakar bana da wanda gyaɗarsa ta yi kyau, na ga hannunsa ya shiga akushi sau tara. Ranar Juma'a ba mu nemi mota ba. Bayan mako guda muka je Birnin Kudu a duba shi, da ƙafarsa ya shiga wurin likita, aka auna shi aka ce ya koma gida.

Ban rubuta wannan don in ce kowa ya je ya buɗe tsohon gwangwani ba. Daga cikin goma sha uku, uku na binne, ɗaya na zubar, biyu ban san halinsu ba. Sauran sun kai shekara ashirin da bakwai lafiya, mun ci mu uku, kuma babu wanda cikinsa ya ko murɗa. Na gode wa Allah, na kuma yarda cewa wanda ya shirya abincin nan ya san aikinsa, wanda ya adana shi ma ya san nasa.

Kai mai karatu, ga abin da nake roƙonka. Idan akwai tsoho a gidanku wanda ya daina ci, kuma ciwonsa ba mai yaɗuwa ba ne, kada ka tsaya a kansa da kwano a hannu. Wanke hannunka, ka zauna a ƙasa kusa da shi, ka aje abincin a tsakaninku, ka fara kai loma. Ka yi haka yau da rana, kada ka bari sai gobe.