Neman Sandar Fatsa Don Kawu Garba

GUSAU

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidana a Damba, wata Asabar a farkon kaka, da 'yar jaka a kafaɗa da haushin Lawali cike da cikina. Lawali ɗan kawuna ne, abokin wasana, amma a lokacin ko murmushi ba na son yi masa.

Ga abin da ya fitar da ni. Kawu Garba, wan mahaifiyata, masunci ne a Bungudu, tun yana yaro yake jefa birgi, ragar kamun kifi, a gulbi. Da faɗuwar damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya mutu, ƙafa kuma sai ja. Da ya ɗan ji sauƙi, wata rana aka tsince shi a bakin ruwa yana kokawar tura kwalekwale da hannu ɗaya. Lawali ya ɗaure jirgin da sarƙa, ya rataye birgin can saman rufin ɗaki. Tun daga ranar Kawu ya juya fuska ga bango. Tuwo sai loma biyu, magana sai an matsa. Da na je duba shi na ga ƙasusuwan wuyansa, wallahi sai da na fita bayan gida na share hawaye. Na san in ba a mayar da tsohon nan bakin ruwa ba, ba zai ga damina ta gaba ba.

Ni tela ne, ban san komai kan kifi ba sai ci. Wani mai kawo mini ɗinki ne ya ba ni labarin wani dattijo a Tsafe, Baba Yohanna, mai sandunan fatsa irin na zamani, waɗanda mutum zai zauna a gaɓa ya jefa ƙugiya can tsakiyar ruwa ba tare da ya shiga jirgi ba.

Sammakon nawa bai amfane ni ba. A tasha motar ta cika, amma direba ya miƙe ƙafa yana kurɓar shayi.

Na ce, "Direba, mu muke jira ko wani?"

Ya ce, "Malam, sai rana ta hito mun ga motar da ta taho daga can. In kana sauri ga hanya nan."

Na haɗiye maganata, don gaskiya ya faɗa, kowa ya san halin da hanyar take ciki. Na sayi koko da ƙosai na zauna. Sai da hantsi ya fara muka tashi.

HANYAR TSAFE

Tafiyar kimanin kilomita hamsin ce, amma shingayen jami'an tsaro sun sa ta yi tsawo. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi, gero ya nuna a gonakin bakin titi, wasu gonakin na can ciki kuwa ciyawa ta cinye su don masu su sun daina zuwa. Motar ta yi shiru a wurin, har wata tsohuwa da ta dame mu da labarin jikanta ta koma jan carbi. Da duwatsun Tsafe suka bayyana sai hira ta dawo.

TSAFE

Ɗan acaba ya kai ni har ƙofar gidan. Baba Yohanna mutumin Taraba ne, aikin kula da lafiyar dabbobi ya kawo shi Tsafe tun yana saurayi, ya yi ritaya ya zauna. Dogo ne, mai furfura, Hausarsa ta fi tawa Zamfaranci. Matarsa, Mama Rahila, ta dire mini kwanon gwate tun kafin in gama gaisuwa.

Da na gama bayani ya ce, "Na san ciwon kawunka, ba na hannu ba, wancan ɗin. Ni ma madatsun ruwan da nike zuwa duk sun shige daji, shekara nawa ban jefa ba. Taso ka gani."

Ya buɗe wani ɗaki. Sanduna ne jingine da bango, ɗansa da ke Legas yake aiko masa. Idona ya faɗa kan wata doguwa mai kauri, baƙa wul, na ce wannan nake so.

Ya yi dariya. "Ta giwan ruwa ce, Murtala. Ɗauke ta da hagu ka miƙe hannu."

Na ɗauka. Kafin ya gama gyara tabarau hannuna ya gaji. Ya karɓe ya ba ni wata da ba ta fi tsayina da kaɗan ba, marar nauyi, bakinta yana lanƙwasa amma gindinta da ƙarfi. Ya ce mai hannu ɗaya ba ya son doguwa, kuma bakin mai laushi shi ke sanar da mutum kifi ya taɓa.

Sai injin naɗe zare, wanda ake ɗaurawa a gindin sandar. Iri biyu ya nuna mini. Na farko a buɗe yake, zaren a naɗe kamar ƙwarƙwaron keken ɗinkina, amma kafin a jefa sai an ɗaga wata waya da hannu ɗaya an danne zare da ɗayan. Na biyun a rufe, da maɓalli a baya: ka danna da babban yatsa, ka wurga, ka saki. Ba sai an gaya mini wanda ya dace ba. Ya kwance mariƙin ya duba, ya ɗiga masa mai, ya naɗa sabon zare, a ƙarshensa ya ƙulla 'yar siririyar waya saboda haƙoran tsage, kifin nan mai cizo da ke yanke zare.

Akwatin kifayen ƙarya kuwa ya ba ni dariya: na roba masu ido, masu wutsiya, kore da ja, da wasu ƙarafa masu ƙyalli kamar an yanke kan cokali. Na kwaso masu kyau, ya mayar da rabinsu.

Ya ce, "Waɗannan kai sunka kama, ba kifi ba. Ruwan gulbinku bayan damina ja ne, kifi ba ya gani da nisa. Ɗauki mai ƙyalli biyu da farar roba ɗaya. Tarwaɗa kuma ba ruwanta da wannan wasa, tsutsar tana take so ko hanjin kaza."

Daga ƙarshe ya ciro na'urar gano kifi, mai fuska kamar ta waya, da wani abu da ake maƙalawa a gindin jirgi yana nuna zurfin ruwa da abin da ke yawo a ciki. Ya tsoma shi cikin duron ruwan Mama Rahila, ta leƙo ta ce in ya ga kifi a ciki ya kira ta. Abin ya burge ni, har na miƙa hannu, sai na tuna ba ya aiki sai a kan jirgi. In na kai wa Kawu wannan, gobe zai sa a fasa sarƙar Lawali. Na ce a bar shi a nan.

Matsala ɗaya ta rage, kuma babba ce. Bayan an jefa, hannu ɗaya ke riƙe sanda, ɗayan yana naɗi. Muka yi ta juya maganar har la'asar. Baba Yohanna ya kai ni wurin wani mai walda a bakin kasuwa, ya zana masa turken ƙarfe mai tsini da bututu a sama: a kafa shi a ƙasa, Kawu ya jefa, ya zura gindin sandar a bututun, ya naɗa da hannun nan dai. Muka kafa shi a tsakar gida, na ɗaure hannun damana a baya, na gwada. Baba Yohanna ya riƙe bakin zaren yana fizga da ƙarfi kamar kifi, turke ko gezau. Muka tafa. Maganar kuɗi ba ta yi tsawo ba, ya karɓi na injin kawai, ya ce sauran gaisuwa ce ga ɗan'uwansa masunci.

A ɗakin ɗansa na kwana. Mama Rahila ta ajiye mini buta da sabuwar tabarma ta nuna mini gabas.

KOMAWA

Ranar Lahadi suka raka ni tasha cikin kayan zuwa coci. A shingen farko wani jami'i ya hango doguwar baƙar jakar sandar da turken ƙarfe a ƙafata, ya ce kowa ya sauko. Ban ga laifinsa ba, ni ma da na gani a hannun wani sai na tsargu. Na zazzage komai a kan bonet. Ya ɗaga farin kifin roba yana jujjuyawa.

"Wannan fa?"

"Abincin kifi ne, ranka ya daɗe."

"Kifin Bungudu roba suke ci yanzu?"

Aka kwashe da dariya, ya ce mu tafi, in an kama a tuna da shi. A Gusau ban ko biya gida ba, na sauya mota a hanyar Sakkwato. Bungudu ba nisa, kafin azahar na sauka.

BUNGUDU

Lawali na fara cin karo da shi a zaure. Ya dubi kayan ya ce, "Tela, yau kuma eriya kake saidawa?"

Na ce, "Matsa, mai gadin sarƙa."

Amma da na yi masa bayani cewa ba jirgi a maganar, sai ya sassauta, ya ce shi ma ya rasa yadda zai yi, gara uban ya yi fushi da shi da a ciro gawarsa a ruwa. Nan haushina ya tafi.

Kawu yana kwance, kwanon fura a gefensa ƙuda na bi. Na haɗa sandar a gabansa, bai juyo ba sai da ya ji ƙarar injin. Ya daɗe yana kallon ƙarfen mai ƙyalli.

"Mi ne ne wanga?"

"Tsage ake kamawa da shi, Kawu."

"Ƙarya kake."

"To mu je ka ƙaryata ni a bakin ruwa."

Bayan la'asar Lawali ya goya shi a babur, ni na bi da kaya. Matar Kawu, Inna Kulu, ta biyo mu da kujerarsa a ka, tana mita. Shekarunta duk a kan kifin Kawu suka ƙare, ita ke fafe shi, ta soya, ta yi banda, amma ba ta taɓa tsayawa inda ake su ba, don a gidajensu wannan wurin maza ne. Ta ajiye kujerar ta koma can gindin wata bishiya.

Ruwa ya ja baya ya bar gaɓa fara fat. Na kafa turken, ya shige ba wuya, har na ji daɗi. Jifan farko na Kawu ya faɗi a gabansa, na biyu ya kama rigar Lawali. A na huɗu ƙarfen ya tashi ya faɗa can inda ya nuna da haɓa, kusa da wani kututture. Ya zura sandar a bututu ya fara naɗi, harshe a waje. Haka ya yi ta yi har rana ta yi sanyi.

Sai bakin sandar ya lanƙwashe gaba ɗaya. Kafin in ce wani abu turken ya tuge ya kwanta. A jar ƙasar Tsafe mai tauri muka gwada shi, ba wanda ya tuna a cikinmu cewa gaɓar Bungudu rairayi ce. Kawu ya cafke sandar da hagu kafin ta bi ruwa, ya tokare ta a cikinsa, zare yana ta fita, ba hannun naɗi. Na taso, ya daka mini tsawa in tsaya inda nake. Lawali ya matso, Kawu ya ce in ya taɓa sai ya tsine masa. Na ga fuskarsa ta fara komawa irin ta ɗaki, na ce a raina shi ke nan, na kawo abin da zai ƙarasa shi.

Ban ga tasowar Inna Kulu ba. Sai ganinta na yi durƙushe a damansa, ta ture mataccen hannun gefe ta kama mariƙin.

"Wannan ai murza taliya ne. Riƙe sandarka, Malam."

"Ke! Wa ya kira ki?"

"Kifin ya kira ni. In naɗa ko in bari?"

Kawu ya ce, "Naɗa. A hankali! Tsaya, bar shi ya gudu. Yanzu, naɗa, naɗa!"

Shi yana ɗaga sanda yana saukewa, ita tana murzawa, suna faɗa, ya ce ta cika gaggawa, ta ce shi ya cika baki. Masunta biyu da ke gyaran koma suka bar aikinsu suna kallo. Tsagen da ya fito bai kai tsawon kamu ɗaya ba, amma da ya faɗo kan rairayi yana tsalle-tsalle, Kawu ya yi wata dariya da rabin bakinsa wadda na yi wata huɗu ban ji ba. Daren nan ya ci tuwo da romon kifin har ya nemi ƙari.

GIDA

Na kwana a zaure da niyyar in yi musu sallama da safe in ɗauki turken in kai a ƙara masa tsawo. Da na shiga cikin gida bayan gari ya waye, Lawali kaɗai na tarar yana hura wuta da kansa, hayaƙi ya cika masa ido.

Na ce, "Ina su Kawu?"

Ya ce, "Tun ɗazu na kai su bakin ruwa. Ya ce ka tafi da turkenka, ba ya so, ya sami mai naɗa masa. Ita kuma ta ce in dama koko."

Na shiga motar Gusau ba tare da na yi sallama da kowa ba sai Lawali, na iso Damba da hantsi na buɗe shago. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, sannan ga Baba Yohanna da Mama Rahila, Allah ya saka musu da alheri, ya kawo ranar da Baba Yohanna ma zai koma bakin ruwansa.