Harsasan da Na Goge da Lemun Tsami

Da za a mayar mini da rana ɗaya in gyara, da na zaɓi wata Asabar ta watan Oktoba, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar da na tsaya a bayan Baba na bar yayana Isuhu ya ɗauki laifin da nawa ne. Yau gemuna ya yi fari, amma abin bai bar ni ba.

A unguwar Morris Heights muke zaune, can ƙasar Turawa, hawa na biyar, inda ƙarar jirgin ƙasa mai lamba huɗu take shigo mana ta taga. Baba direba ne a ofishin jakadanci, yana kuma da lasisin farauta. Duk kaka yakan fita bayan gari ya harbo barewa, ya yanka da hannunsa, Inna ta rarraba wa 'yan uwa Hausawa, don a lokacin naman halal wuya yake. Da kansa yake ɗura harsasansa. Yaya Isuhu, mai shekara goma sha bakwai, shi aka ba amanar auna albarushi a wani ɗan sikeli, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan. Ni kuwa aikina kai shara ƙasa, da goge butar shayin Inna ta tagulla da lemun tsami da gishiri, sai ƙwallo a harabar makaranta har a kira ni.

Na ji kishi. Ana gobe za mu fita gwajin harbi na buɗe akwatin harsasai ba wanda ya sani, na bi kawunansu na jan ƙarfe ina dirzawa kamar yadda nake yi wa buta, har suka riƙa walƙiya. Wai ni ma a yaba mini. Hannuna ya gaji, na bar guda biyar na layin ƙarshe da dushewarsu.

Filin harbin yana can wajen birni, tafiyar awa biyu a mota. Wani tsohon Bature mai kula da wurin ya ara wa Baba na'urar auna gudun harsashi. Akwati ne a kan ƙafa uku, da ido biyu masu kallon sama, kowanne da 'yar farar rumfa a kansa. Inuwar harsashi ta gifta idon farko, ta gifta na biyu, sai lamba ta fito. Baba ya sa mata suna Mai Ido Biyu.

Rana ta fito tarwai, tana dukan na'urar daga gefe. Harbin farko ta ce ƙafa dubu biyu da ɗari bakwai a sakan guda, Baba ya gyaɗa kai. Na biyu ta ce dubu huɗu. Na uku ta ce ɗari tara, gudun da ko rabin na farko bai kai ba. Na huɗu ta yi gum. Baba ya sauya batir. Ya matsar da ita taku goma, wai hucin bakin bindiga ne yake ruɗa ta. Ya sa Yaya ya cusa dutse a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ta daidaita, ya goge idanun da gefen rigarsa, ya cire rumfunan, ya mayar. Duk a banza. Har azahar muna kai da kawo, Baba yana tsaki yana cewa wannan aba ta fi ɗan talla ƙarya.

Da dabara ta ƙare sai ya juyo ya dubi Yaya. Ya ce na'ura ba ta da zuciya balle ta yi son rai, awon albarushi ne bai zo daidai ba. Yaya ya rantse sau biyu ya auna kowanne. Baba ya ce, "Wasa da albarushi wasa da fuskar ubanka ne. Daga yau kada ka ƙara taɓa sikelina."

Kafin mu tashi Baba ya harba biyar ɗin da ban goge ba, lambobinsu suka fito kusan ɗaya. Ya ce wato waɗannan ne kaɗai yaron ya auna yana cikin hankalinsa. Da aka aike ni mayar da na'urar, tsohon ya hango wani harsashi da ya rage a hannuna, ya karɓa, ya juya shi a rana, ya yi dariya. Ya ce harsashi mai sheƙi haka haske yake watsa wa idanun maimakon inuwa, shi ya sa masu gwaji suke shafa wa kansa baƙar tawada. Na koma mota, na ga fuskar Baba, na ja bakina.

Inna takan ce, "Gaskiya tun tana da zafi ake ajiye ta." Tawa na bar ta ta huce shekara arba'in da ɗoriya. Yaya bai sake bin mu filin ba, kuma hira tsakaninsa da Baba ta koma gaisuwa kawai har Baba ya rasu.

Bara surukina ya nuna mini irin na'urar yanzu, 'yar ƙarama kamar sabulu, a gefen bindiga ake ajiye ta, ba ruwanta da rana ko gajimare. Haushi ya kama ni, na rasa da wa zan yi. A makon na hau jirgin ruwa zuwa unguwar Tompkinsville, na sami Yaya a shagonsa yana jera buhunan garin kwaki, na faɗa masa komai. Ya ajiye buhun da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ƙanena, ni na san awona. Baba ya kamata ka gaya wa."

Don Allah wanda ya san gaskiyar da za ta wanke ɗan uwansa, ya faɗe ta tun mai buƙatar jin ta yana raye.